Akwatin zaɓi a Access: me ya sa Column(3) ke ba ni fanko?

Ɗan_koyo:

Assalamu alaikum, malamai. Tambayata a kan akwatin zaɓi ne, wanda Microsoft Access ke kira Combo Box.

Akwai babban fom mai suna frmOda, a cikinsa kuma akwai ƙaramin fom na layukan oda, irin wanda rikod ke jeruwa ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. A kowane layi akwai akwatin zaɓi cboKaya, yana ajiye lambar kaya a gurbin LambarKaya na tebur tblLayinOda. Ga abin da ke cikin Row Source ɗinsa:

SELECT LambarKaya, SunanKaya, Farashi, Ragowa FROM tblKaya ORDER BY SunanKaya;

Bound Column yana kan 1, Column Count yana kan 2, Column Widths kuma 0cm;5cm. Da farko lamba da suna ne kawai a ciki, daga baya na ƙara Farashi da Ragowa.

So nake da zarar an zaɓi kaya, farashinsa ya fito a akwatin rubutu txtFarashi. Tunda Farashi ne na uku a jere, sai na sa wannan a Control Source:

=[cboKaya].[Column](3)

Fanko yake fitowa, babu farashi, babu saƙon kuskure. Da na gwada Column(1) sai ya ba ni sunan kaya, alhali lamba nake tsammani.

Na biyu: a babban fom akwai wani akwatin zaɓi cboAboki mai ginshiƙi uku, LambarAboki, Suna da Rukuni. Ina so wani kuweri, wato Query mai zaƙulo bayanai daga tebur, ya tace da Rukuni, sai na rubuta [Forms]![frmOda]![cboAboki].[Column](2) a layin Criteria. Access ya ƙi, yana cewa "Undefined function".

Na uku: a ƙasan ƙaramin fom na sa =Sum([txtFarashi]*[Adadi]), ya fito da #Error. Abin mamaki har akwatin da ke ƙirga layuka, wanda da yake aiki lafiya, shi ma ya koma #Error. Ina kuskuren yake?

Mai_tebur:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalarka ta farko kuskure biyu ne suka hau kan juna, shi ya sa ko ka gyara ɗaya kaɗai ba za ka ga canji ba.

Column daga sifili yake fara ƙirga. LambarKaya shi ne Column(0), SunanKaya Column(1), Farashi Column(2), Ragowa Column(3). Wato ko da fomularka ta yi aiki, ragowar kaya za ta ba ka a matsayin farashi, wanda ya fi fanko haɗari domin lamba ce za ta fito, ba wanda zai yi zargin komai. Abin da ke rikita mutane shi ne Bound Column shi kuma daga 1 yake fara ƙirga. Bound Column 1 da Column(0) ginshiƙi ɗaya suke nufi. Haka aka gina shi, sai dai a haddace. Kada ma ka ce za ka daidaita su ta hanyar sa Bound Column a 0, domin hakan na nufin akwatin ya ajiye matsayin layin a cikin jerin, ba abin da ke cikin ginshiƙin farko ba.

Kuskure na biyu shi ne Column Count. Akwatin ba ya duba yawan gurabun da ke cikin SELECT, adadin da ka rubuta masa a Column Count kawai yake ɗauka. Ka bar shi a 2, don haka a wurinsa ginshiƙi biyu ne ke akwai, duk abin da ka nema daga Column(2) zuwa sama Null zai dawo maka da shi, wato babu wata daraja, kuma ba zai yi ƙorafi ba. Mayar da shi 4. Sannan Column Widths ya zama 0cm;5cm;2cm;0cm idan kana so a riƙa ganin farashi a cikin jerin, ko 0cm;5cm;0cm;0cm idan ba ka so. Faɗin sifili ɓoye ginshiƙi kawai yake yi, Column na iya karanta shi. Kada ka bar faɗin na uku da na huɗu babu komai da nufin ɓoye su, domin Access zai ba su faɗi da kansa su bayyana. Bayan haka sai:

=[cboKaya].[Column](2)

Kafin ka sake zato a kan lambar ginshiƙi, ka tambayi akwatin da kansa. Buɗe fom, zaɓi kaya, danna Ctrl+G, tagar Immediate za ta buɗe. Rubuta wannan ka danna Enter:

? Forms!frmOda!subLayuka.Form!cboKaya.Column(2)

Lura, subLayuka a nan sunan akwatin da ke riƙe da ƙaramin fom ne a kan babban fom, ba lallai ya zama sunan da ƙaramin fom ɗin ke da shi a jerin fom-fom ba. Sau da yawa sunayen biyu iri ɗaya ne, amma ba koyaushe ba, kuma idan suka bambanta na akwatin ne ke aiki. Gwada 0, 1, 2, 3 ɗaya bayan ɗaya, ka ga abin da kowanne ke bayarwa. Jerin ginshiƙai yana bin tsarin SELECT ne, ba tsarin tebur ba. Idan Row Source kuweri ne da aka gina a allon zane, duk gurbin da aka cire wa alamar Show, misali wanda aka sa don jerantawa ko tacewa kawai, ba ya shiga ƙirga. Kuma ka guji SELECT * a akwatin zaɓi: ranar da wani ya cusa sabon gurbi a tsakiyar tebur, lambobinka duk za su goce ba tare da wani gargaɗi ba.

Yanzu ga wurin da aka fi tuntuɓe. A wannan tagar rubuta:

? TypeName(Forms!frmOda!subLayuka.Form!cboKaya.Column(2))

String zai ce maka, ko da gurbin Currency ne a tebur. Duk abin da Column ya miƙo rubutu ne. Da alamar sau ba za ka lura ba, domin Access kan mayar da rubutun lamba kafin ya ninka. Amma da alamar tarawa, idan duka ɓangarorin biyu daga Column suka fito, manna su zai yi: "10" da "5" su zama "105", ba 15 ba. Haka saitin Format na akwatin rubutu ba zai kama shi ba, kuma zai jingina hagu kamar kowane rubutu maimakon dama. Don haka ka juya shi da kanka:

=CCur(Nz([cboKaya].[Column](2),0))

Nz yana nan ne saboda layin da ba a zaɓi komai ba tukuna, irin sabon layi na ƙasa, Column Null yake bayarwa, CCur kuma ba ya karɓar Null. Sai dai Nz ba ya maganin komai da komai. Idan an zaɓi kaya amma gurbin Farashi nasa babu komai a tebur, abin da Column ke dawowa da shi rubutu ne marar harafi ko ɗaya, ba Null ba. Nz zai bar shi ya wuce, CCur ya faɗi a kansa. Ana iya toshe wannan tun daga Row Source, a maye gurbin Farashi da Nz([tblKaya].[Farashi],0) AS FarashinKaya. Ba shi sabon suna kamar yadda na yi, domin idan ka rubuta Nz(Farashi,0) AS Farashi, Access zai ce sunan yana komawa kan kansa.

Wasu na amfani da Val a madadin CCur don ba ya faɗuwa a kan fanko. Ban ba ka shawarar haka ba. Val yana tsayawa ne a harafin farko da bai gane ba, don haka "1,250.50" zai zama 1, idan kuma rubutun ya fara da alamar kuɗi zai zama 0. Ɗigo kaɗai ya sani a matsayin mai raba lamba da ɓarinta, ba ruwansa da saitin yanki na Windows. CCur da CDbl su suna bin saitin kwamfutar.

Sauran tambayoyi biyun na bar wa masu kuweri.

Gwanar_kuweri:

Malam Mai_tebur ya gama da ta farko, sai abu ɗaya da ban bi shi a kai ba: mayar da farashin da babu zuwa 0. Wannan ɓoye ciwo ne. Kaya marar farashi zai shiga oda a kyauta, jimla ta fito tsaf, babu wanda zai sani sai ranar lissafi. Gara a sa Required ya zama Yes a gurbin Farashi na tblKaya, ko a bar akwatin fanko mai shigarwa ya gani da idonsa.

Ta biyu. Kuweri ba fom ne ke gudanar da shi ba, injin bayanai ne. Idan ya ci karo da [Forms]![frmOda]![cboAboki] yakan ɗauke shi a matsayin abin da za a cike masa, Access kuma ya miƙa masa darajar akwatin, wato abin da ke Bound Column. Amma da ya ga baka da lamba a ƙarshe, Column(2), sai ya ɗauka sunan wani fankshan ne ake kira, ya neme shi ya rasa. Daga nan saƙon "Undefined function" ya fito. Babu yadda za ka sake rubuta shi da ɗigo ko alamar motsin rai ya karɓa. Zagayawa ake yi.

Mafi sauƙi: sa akwatin rubutu a babban fom, ka kira shi txtRukuni, Control Source ɗinsa =[cboAboki].[Column](2), ka mayar da Visible ya zama No. A Criteria sai ka rubuta [Forms]![frmOda]![txtRukuni]. Ba ko layi ɗaya na VBA, harshen da ake rubuta umarni da shi a Access. Sharaɗinsa fom ya kasance a buɗe, in ba haka ba taga za ta fito tana tambayarka darajar da hannu.

Akwai kuma Eval, wanda ke karɓar fomular a matsayin rubutu ya warware ta a ɓangaren Access kafin injin ya gani:

Eval("[Forms]![frmOda]![cboAboki].[Column](2)")

Wannan yana da fa'ida guda da ta ɓoyayyen akwati ba ta da ita. Idan ka buɗe kuwerin daga VBA da CurrentDb.OpenRecordset, wanda ke ɗauke da [Forms]! kai tsaye zai faɗi da kuskure mai lamba 3061, "Too few parameters", na Eval kuwa zai wuce. Illarsa ita ce sunayen suna cikin alamar zance, don haka ranar da ka canja sunan fom ko na akwati babu abin da zai bi ya gyara maka. Idan Rukuni lamba ce, naɗe shi da CLng. Daga Access 2007 zuwa sama akwai TempVars: a AfterUpdate na akwatin ka rubuta TempVars!Rukuni = Me.cboAboki.Column(2), a Criteria kuma [TempVars]![Rukuni]. Yana aiki ko an rufe fom, amma kuma yana riƙe tsohuwar daraja har sai ka canja ta ko ka rufe Access, wanda shi ma tarko ne.

Ni dai da za ka ji tawa, duk ba za ka bi ko ɗaya ba. Rukuni yana zaune a teburin abokan ciniki, kuma lambar abokin tana hannunka a Bound Column. Shigo da tblAboki cikin kuwerin, haɗa shi da ɗaya teburin ta gurbin Rukuni, sannan a ƙarƙashin LambarAboki ka sa [Forms]![frmOda]![cboAboki] kawai. Injin zai ɗauko Rukuni da kansa, da ainihin nau'insa, kuma ko gobe ka sake tsarin ginshiƙan akwatin babu abin da zai karye.

Ta uku. Sum, Count, Avg da 'yan'uwansu gurabun Record Source na fom kawai suke gani. Ba sa ganin akwatunan da ke kan fom. txtFarashi akwati ne mai fomula, ba gurbi ba ne, saboda haka Sum bai san shi ba. Ko ka cire sunansa ka zuba fomular Column ɗin kai tsaye a cikin Sum, haka zai ƙi. Shi kuma mai ƙirga layuka lafiyarsa ƙalau: Access yana lissafa irin waɗannan jimloli tare ne, ɗaya ya lalace duka su nuna #Error. Ka gyara ɗayan, sauran za su dawo da kansu.

Gyaran kuma ya haɗu da wata tambaya da ba ka yi ba, amma ita ce babba. Akwatin da Control Source ɗinsa ya fara da alamar daidai ba ya ajiye komai a tebur, nuni kawai yake yi. Farashin da yake nunawa na yau ne. Idan aka canja farashi a tblKaya wata mai zuwa, duk tsofaffin oda za su koma nuna sabon farashi, jimlarsu ta canja. Farashin da aka sayar da kaya a ranar oda bayani ne na wannan layin, dole a ajiye shi. Ƙara gurbi FarashinSayarwa, nau'in Currency, a tblLayinOda. Ɗaure txtFarashi da shi, wato Control Source ya zama FarashinSayarwa ba tare da alamar daidai ba. Sannan:

Private Sub cboKaya_AfterUpdate()
    If Len(Me.cboKaya.Column(2) & "") > 0 Then
        Me.txtFarashi = CCur(Me.cboKaya.Column(2))
    Else
        Me.txtFarashi = Null
    End If
End Sub

Manna "" a ƙarshe kafin Len yana kama Null da rubutun fanko a lokaci guda. A ƙasan fom sai =Sum([FarashinSayarwa]*[Adadi]), duka biyun yanzu gurabu ne. Idan jimlar kake so a babban fom, ba akwatin ƙasan suna txtJimla, a babban fom ka rubuta =[subLayuka].[Form]![txtJimla]. Jimlar ba ta motsawa sai an ajiye layin, wato sai ka bar shi zuwa wani, kada ka ɗauka ta maƙale.

Ɗan_koyo:

Allah ya saka da alheri, Malam da Malama. Column Count ya koma 4, farashi yana shiga FarashinSayarwa, jimla ta daidaita, kuwerin kuma na bi hanyar haɗa tebur. Sai dai abu biyu sun taso.

A BeforeUpdate na txtAdadi na sa wannan don a hana shigar da adadin da ya wuce ragowa:

If Me.txtAdadi > Me.cboKaya.Column(3) Then Cancel = True

Ragowa 12 ce, na shigar da 500, ya karɓa. Babu saƙon kuskure.

Sannan na ƙara WHERE Ragowa > 0 a Row Source don kayan da suka ƙare su daina fitowa a jerin. Yanzu idan na buɗe tsohuwar oda, wasu layukan akwatin zaɓinsu fanko ne, kamar ba a taɓa zaɓar komai ba. A tebur kuma lambobin suna nan.

Tsohon_magini:

Ɗan'uwa, ta farkon ita ce maganar rubutu da Malam Mai_tebur ya yi, ta dawo da wata riga. Me.txtAdadi Variant ne, nau'in da ke iya riƙe kowace irin daraja, mai ɗauke da lamba, Column(3) kuma Variant ne mai ɗauke da rubutu. Ƙa'idar VBA a irin wannan haɗuwa ita ce: idan duka biyun Variant ne, ɗaya lamba ɗaya rubutu, to lambar ce ƙarama, ko nawa ce. Ba ya ma duba abin da ke ciki. Don haka 500 > "12" False ne, miliyan ma False ne, sharaɗinka ba zai taɓa cika ba. Da a ce duka biyun rubutu ne, da wani abin daban za ka gani: harafi da harafi za a gwada, "9" ya fi "12" girma, "100" kuma ya kasa "12". Juya shi:

If Me.txtAdadi > CLng(Me.cboKaya.Column(3)) Then

CLng yana zagaye ɓari zuwa cikakkiyar lamba, don haka in kayan ana auna su ne da rabi da kwata, yi amfani da CDbl. Kuma ka fara tabbatar da an zaɓi kaya, in ba haka ba CLng zai faɗi da kuskure 94 a kan Null, ko 13 a kan rubutun fanko.

Amma ko ka gyara wannan, ban yarda da Column a wurin duba ragowa ba. Jerin da ke cikin akwatin hoto ne na lokacin da aka loda shi. Idan mutum biyu ke aiki a kan rumbun bayanai ɗaya, ko ma kai kaɗai ka shigar da oda uku tun buɗe fom, 12 ɗin da akwatin ke riƙe da ita na iya zama tsohon labari, sai an kira Me.cboKaya.Requery. Farashi ba ya canjawa kowane minti, ragowa kuwa tana yi. A nan ka tambayi tebur kai tsaye a daidai lokacin:

If Me.txtAdadi > Nz(DLookup("Ragowa", "tblKaya", "LambarKaya=" & Me.cboKaya), 0) Then

DLookup ana kushe shi da nauyi, kuma gaskiya ne idan aka sa shi a Control Source na fom mai layuka da yawa, domin kowane layi sai ya je tebur. Amma kira ɗaya a BeforeUpdate ba komai ba ne, kuma lamba yake dawowa da ita, ba rubutu ba. In LambarKaya rubutu ce, sai ka kewaye ta da alamar zance guda-guda a cikin sharaɗin. Ƙara MsgBox kafin Cancel = True, kada mai shigarwa ya ga akwati ya ƙi sakinsa bai san dalili ba.

Ta biyun kuwa ba lalacewa ba ce, haka akwatin zaɓi yake aiki. Abin da ya ajiye lamba ce, abin da yake nunawa kuma suna ne, sunan kuwa daga jerin yake nemo shi. Ka cire kayan daga jerin da WHERE, lambar tana nan amma babu layin da zai dace da ita, sai ya nuna fanko, Column ɗinsa duka su koma Null. A fom mai jerin layuka kuma akwati ɗaya ne tak, ana maimaita hotonsa a kowane layi, Row Source ɗaya suke ci gaba ɗaya. Shi ya sa ba za ka iya ba tsofaffin layuka cikakken jeri, sabon layi kuma tataccen jeri ba. Wannan dalilin ne ma ya sa akwatin rubutu da ba a ɗaure da gurbi ba, idan aka zuba masa daraja da VBA, yake nuna abu ɗaya a duk layuka.

Hanya mafi ƙarancin wahala ita ce ka cire WHERE ɗin, ka tura kayan da suka ƙare ƙasan jerin:

ORDER BY IIf(Ragowa > 0, 0, 1), SunanKaya

Sannan ka bayyana ginshiƙin Ragowa a Column Widths, a BeforeUpdate na cboKaya kuma ka ƙi karɓar wanda ragowarsa ta ƙare. Tsofaffin oda za su ci gaba da nuna sunayensu.

In kuwa dole ne jerin ya zama tatacce, to sunan kada ya dogara da akwatin. Mayar da Record Source na ƙaramin fom kuweri mai haɗa tblLayinOda da tblKaya, ka ɗauko SunanKaya a matsayin gurbi, ka nuna shi a akwatin rubutu. Wasu kan ɗora wannan akwatin rubutu a kan akwatin zaɓin, su bar kibiyar kawai a waje, da an shiga akwatin rubutun kuma a tura siginar zuwa na zaɓi da SetFocus. Yana aiki, sai dai ɗinki ne mai buƙatar haƙuri. A wannan kuwerin ka kula da abu biyu. LambarKaya da za ka saka ta tblLayinOda ce, ba ta tblKaya ba, in ka yi haka Access da kansa zai cike SunanKaya da zarar an zaɓi kaya. Kuma ka sa Locked ya zama Yes a akwatin sunan, domin duk wanda ya gyara rubutu a ciki, sunan kayan ya gyara a tblKaya, ga kowa da kowa.

Mai_tebur:

Na karɓi gyaran Malama a kan sifili, Required ya fi. Ga wasu 'yan ƙananan abubuwa da za ka ci karo da su nan gaba, tunda yanzu AfterUpdate ne ke ɗauke da farashinka.

AfterUpdate yana tashi ne kawai idan mutum ya canja akwatin da hannunsa. Idan wani maɓalli ya rubuta Me.cboKaya = 7, ko aka shigar da layuka da kuwerin ƙari, ba zai tashi ba, FarashinSayarwa zai zauna fanko. Bayan layin da ya sa darajar sai ka kira shi da kanka: Call cboKaya_AfterUpdate.

Bound Column dole ya zama ginshiƙin da ba ya maimaituwa. Idan ka ɗaure akwati da suna, kuma kaya biyu suka yi suna ɗaya da farashi daban, ko ka zaɓi na biyu Access zai koma kan na farkon da ya dace, Column(2) ya ba ka farashin na farko. Naka yana kan LambarKaya, ka bar shi a nan. Tunda ginshiƙin da aka ɗaure a ɓoye yake, Limit To List zai tsaya a Yes, Access ba zai bari ka mayar da shi No ba. A akwatin da yake No, duk abin da aka buga wanda babu shi a jerin, sauran ginshiƙan Null za su bayar.

Idan bayani mai tsawo ka saka a wani ginshiƙi, irin gurbin Long Text wanda tsofaffin Access ke kira Memo, haruffa 255 na farko kawai Column zai kawo. A ɗauko irinsa daga tebur.

Column yana karɓar lamba ta biyu, ta layi: Column(2, 4) na nufin ginshiƙi na uku a layi na biyar. Da ita ake zagaya akwatin jeri mai zaɓi da yawa, inda Value ke zama Null:

For Each v In Me.lstKaya.ItemsSelected
    Debug.Print Me.lstKaya.Column(2, v)
Next v

Idan Column Heads yana kan Yes, layin kanun ginshiƙai shi ne layi na 0 kuma ListCount yana ƙirga shi, ListIndex kuwa ba ya ƙirga shi, don haka wanda aka zaɓa yana Column(2, ListIndex + 1). A VBA waƙafi ne ke raba lambobin biyu koyaushe, amma a Control Source abin da Windows ta sa a matsayin mai raba jeri ake bi: a kwamfutar da aka saita shi ya zama waƙafi mai ɗigo, =[lstKaya].[Column](2;4) za ka rubuta.